Maɗaurin Agogona da Maganar Baffanki Sani

Zuwa ga 'yata Hauwa'u, Kulun Innarta,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina fatan kin sauka Tsafe lafiya, kin sami ɗaki da abokan zama na kirki. Allah Ya tsare ki a zaune da tsaye, Ya tsare hanyar da kika bi da wadda za ki biyo ranar dawowa, Ya sa karatun aikin lafiyar nan da kika je nema ya zauna miki. Labarin gida ba zan ba ki ba, wannan kya ji a waya wurin Innarki, ita ce gidan rediyonmu.

Ga agogon nan na ba Isa direba ya kawo miki, mai hannun daƙiƙa, irin wanda makaranta ta ce ku zo da shi don ƙirga bugun jijiyar marasa lafiya. Ranar da za ki tafi na ce miki batirinsa ya yi sanyi, sai na canza. Batirinsa lafiya lau yake. Ni ne ban shirya ba. Agogon nan akwai magana a jikinsa, na kuma auna na ga a waya bakina ba zai iya fitar da ita ba, shi ya sa na nemi takarda.

Kin tuna safiyar tafiyarki, kina ɗaure jaka a tsakar gida, Innarki ta ce in kin huta ki je ki gaida Baffanki Sani, tunda a Tsafe ba ki da kowa sai shi. Ke kuwa kika haɗe rai, kika ce, "Ni ba ni taka gidan wanda yac ce ma ubana ƙazami gaban mutane." Ina zaure ina jin ku. Ba zan ɓoye miki ba, da farko daɗi na ji, na ce a raina lallai na haifi 'ya. Kafin mota ta ɗaga jikina ya yi sanyi, don maganar da kika kafe a kanta ƙarya ce, kuma ni na ƙera ta da bakina. Sani ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekara tara ke nan ban miƙa masa hannu ba, ga shi yanzu gabar ta tsallako ta kama ki. Na ƙudurta cewa a kaina za ta tsaya, ba za ta wuce zuwa gare ki ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka ki zauna ki karanta har ƙarshe.

Kin san aikina, malamin dabbobi. Duk shekarun da na yi ina zagaya Furfuri da Kekun Waje da Rawayya a kan babur ina yi wa shanu allura, wannan agogon ne a hannuna. Maɗaurinsa na nailan ne, irin saƙaƙƙen nan da ake zura shi ta bayan agogo ya fito ta ɗaya gefen. Ke kin san shi ruwan toka, to kore ne shar lokacin da na saya. A hannun dama nake ɗaura shi, don na taɓa ji a wa'azi cewa dama ake gabatarwa a abu mai kyau, ni kuma na faɗaɗa fatawar da kaina har ta kai kan agogo. To da wannan hannun nake kama hancin sa, da shi nake buɗe bakin maraƙi, da shi nake dama maganin kaska. Zufa ta gangaro ta tsaya a wurin, yawun saniya ya tsaya a wurin. Kuma da shi nake gaisawa da mutane, da shi nake cin tuwo.

Kuskurena na fari lalaci ne. Mai sayarwa ya ce mini agogon ba ya jin ruwa, sai na daina cire shi wajen alwala. In na zo wanke hannu sai in ɗan girgiza shi ruwa ya ratsa ƙarƙashi, in ce ai ya taɓa fata, alwala ta yi. Har gani nake wanki nake masa sau biyar a rana. Ashe jiƙa shi kawai nake yi. Nailan yana shan ruwa ya riƙe, kafin na Azahar ya bushe na La'asar ya zo, dattin da ke cikin saƙar kuwa yana nan yana tsima kamar geron koko da aka jiƙa aka manta da shi. Ko barci da shi nake yi. Don haka, Kulu, in za ki yi alwala ki cire agogo. Ki sa a aljihu, ba kan katanga ko bakin famfo ba inda za ki tashi ki bar shi. Ki bari hannunki ya bushe sannan ki mayar. Ke ma aikinki na wanke hannu ne ba iyaka, kuma abin da zai taɓa hannunki a ɗakin haihuwa ko wajen wankin gyambo ya fi yawun saniya haɗari. In malamanki sun ce kada a ga komai a wuyan hannu lokacin aiki, ki cire ki maƙala shi a gaban riga, kada ki tsaya gardama irin ta ubanki.

Ba zan iya ce miki ga ranar da ya fara wari ba, don ni ban taɓa ji ba. Hanci yana sabawa da mai shi. Abin da na gani kawai shi ne mutane sun fara girmama ni. A Rawayya akwai gidan da nake sauka in ci abinci da maigidan da 'ya'yansa a tire ɗaya. Sai aka fara ware mini nawa kwanon, a kai mini gefe ƙarƙashin dogonyaro. Na ce to, girma ya zo, an gane ma'aikacin gwamnati. A ruga in na miƙa hannu, sai dattijo ya dafe ƙirji ya rusuna daga nesa, in ce kai, mutanen nan akwai ladabi. A masallacin unguwarmu liman ya yi ta cewa a haɗa sahu, amma tsakanina da na damana kullum akwai wurin da akuya za ta wuce. Duk wannan ban farga ba.

Innarki ta yi iya dabararta. Ta fara saya mini turare, wannan kwalba ba ta ƙare ba ta kawo wata, ni kuwa na ce soyayya ce ta motsa bayan tsufa. In na shafa a riga, sai in ɗiga sauran a wuyan hannu, daidai kan maɗaurin. Kin taɓa jin tuwon da ya kwana biyu ya yi tsami, sannan a zuba masa man shanu? Haka na riƙa yawo cikin jama'a. Wata rana ta ce, "Malam, shi agogon ga ba ya hutawa?" Na ce mata ai lokaci ba ya hutawa, na yi dariya, ina ganin na yi magana mai hikima. Ki riƙe wannan da kyau, turare ba ya wanki. Kuma a ƙasarmu kunya ba ta bari a faɗa wa mutum irin wannan abu kai tsaye, sai dai a kewaya. In kika ga an fara ba ki kyautar sabulu ba gaira ba dalili, ko ana matsawa in kin zauna, ko mara lafiya yana kau da fuska in kin sunkuyo, kada ki ce girma ne, kada kuma ki ce raini ne. Ki nemi wadda kika yarda da ita ki tambaye ta a fili, ki yi mata alkawarin ba za ki yi fushi ba, sannan ki cika alkawarin.

Yanzu ga abin da ya faru da Babbar Sallar nan, kina 'yar shekara goma. Sani ya zo daga Tsafe da iyalinsa kamar yadda ya saba, ya kawo mini riga da ya ɗinka da hannunsa. Washegarin Sallah muka zauna mu shida a kan tire ɗaya, tuwon shinkafa da naman layya. Na lura 'yan'uwa suna ta cewa alhamdulillahi tun ba a ci rabi ba. Bayan an ɗauke tire Sani ya taɓa kafaɗata, ya ja ni bayan rumbu, inda ba kowa sai kaji. Ya sassauta murya ya ce, "Yaya, wata magana nika son yi maka, don Allah kada ka ɗauke ta da zahi. Maɗaurin agogon ga naka shina wari. Ba kai ba, maɗaurin. Hidda shi a wanke, ni kau in ɗinka maka wani ka riƙa canzawa."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai ce ƙazami ba. Ba a gaban mutane ba ne, sai dai in kaji mutane ne. Amma ni na dube shi cikin farar shaddarsa mai sheƙi, tela mai yini a inuwa ƙarƙashin fanka, na ji kamar ya ɗebi ƙasa ya watsa mini a ido. Na ɗaga murya yadda na zaure da na cikin gida za su ji, na ce, "Ashe yau warin shanu ya dame ka? To warin ga shi yas sai maka keken da kaka taƙama da shi!" Gaskiya ne ni na saya masa keken ɗinkinsa na fari bayan rasuwar mahaifinmu, amma kyauta na ba shi, ran nan na mayar da ita gori. Ya sunkuyar da kai, ya shiga ya tattara iyalinsa, suka kama hanya tun kafin La'asar, ko rabon namansu bai ɗauka ba. Kika biyo ni da gudu kina tambaya me ya sa su Baffa suka tafi, ni kuma na ce miki ya kira ni ƙazami a gaban mutane. Na faɗa miki, na faɗa wa yayyenki, na yi ta faɗa har ni ma na fara ganin taron mutanen a idona.

An ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na san wannan tun ina yaro, na sha jefa wa wasu ita, ranar da ta zo kaina na kasa gane ta. Kin gado zuciyata, Kulu, na sani, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A makarantar nan za a gyara miki abubuwa da yawa, wani da taushi wani da tsawa, wani ma daga bakin wadda kike ganin kin fi ta. In zuciyarki ta taso, ki kama bakinki ki ba ta kwana ɗaya. Ki tambayi kanki abu ɗaya tak, abin da aka faɗa haka yake ko ba haka yake ba? Yadda aka faɗa da wanda ya faɗa, wannan ki bar wa gobe. Kuma duk alherin da kika yi wa mutum ki binne shi, kada ki tono shi ranar faɗa. Na ga abin da gori ya yi wa fuskar ƙanena, har yau in na rufe ido ina gani.

Bayan mako guda wani direba ya kawo mini ɗan ƙulli a ƙyalle daga Tsafe, ba takarda ba saƙon baki. Na kwance na ga maɗaurin agogo sabo, shuɗi, na nailan, an ɗinke bakinsa layi biyu. Na ce au, har gida zai biyo ni da cin fuska? Na yi jifa da shi bayan ɗaki.

Shekara biyu na ƙara ina yawo da abina. Sai zazzaɓi ya kayar da ni, aka kwantar da ni asibiti a Gusau. Ma'aikaciyar da za ta sa mini ƙarin ruwa ta kwance agogon, na ga ta ɗan ɗauke numfashi, ta jefa shi a leda ta ƙulle ta ba Innarki. Fatar da ke ƙarƙashinsa ta yi fari fat, ta yi laushi, ga ƙuraje sun kewaye ta, har sai da aka haɗa mini da man shafawa. Kwana takwas hannuna ba komai. Ranar da aka sallame mu, muna isa gida na ce a ba ni agogona. Ina kwance ledar nan, Kulu, sai da na ja da baya. Ban san da me zan kwatanta miki ba. Na zauna bakin gado da ledar a hannu, kwanon Rawayya ya faɗo mini, sahun masallaci ya faɗo mini, kwalaben turare suka faɗo mini. Kunya ta rufe ni har na ji da ma zazzaɓin bai sake ni ba.

Na juya kan Innarki, kin san mai laifi ba ya rasa wanda zai kama. Na ce shekara da shekaru muna ɗaki ɗaya, me ya hana ta faɗa mini? Tana ninke kaya, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Malam, wanda yah hwaɗa maka, ina shike yanzu?"

Maimakon in tashi in nufi Tsafe, sai na huce a kan maɗaurin. Na sa aka tafasa ruwa, na jefa kanwa dunƙule guda, na tsoma shi har da agogon, na tsamo na shanya a kan rufin kwano da tsakar rana. Sauri ya haifi nawa. Maɗaurin ya koɗe ya yi tauri, gilashin agogon ya yi gumi daga ciki har ba a ganin lamba. Dole na kai shi kasuwa a Gusau wurin wani dattijo mai gyaran agogo. Ya juya shi, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Malam, agogo na ko ganda, da kad dahwa shi?" Shi ya buɗe ya busar da cikin, shi kuma ya koya mini wankin da nake yi har yau. Ga shi nan, ki bi shi yadda yake.

Ki zare maɗaurin daga jikin agogon tukuna, kada ki yarda su shiga ruwa tare. Ki sami ruwa mai ɗumi, wanda za ki iya barin yatsanki a ciki ba ki ji zafi ba, ki kaɗa sabulun wanka har ya yi kumfa, ki jiƙa shi kamar rabin sa'a. Sannan ki ɗauki tsohon buroshin haƙori ki bi shi ciki da waje, a hankali, kina bin saƙar. Gefen nan da ke kwanciya a kan fata shi ne gidan warin, sai ramukan huda, sai wajen da ya naɗe a jikin ƙarfen da ake maƙalawa. Nan za ki ga ruwa ya koma kamar na kwata. In bayan haka da saura, ki jiƙa 'yar kanwa kamar ƙwayar wake a kofi, ki tace, ki bar shi a ciki ɗan lokaci. Ƙwayar wake na ce, ba dunƙule irin na ubanki ba. Ki ɗauraye har sai kumfa ta ƙare sarai, don sabulun da ya maƙale shi ke sa ƙaiƙayi. Kada ki murɗe shi, ki sa shi cikin tsumma mai tsabta ki danna. Ki rataye a inuwa inda iska ke wucewa, ki bar shi yini guda cur. Ko kin taɓa kin ji kamar ya bushe, ki duba wajen naɗin nan, shi ne ƙarshen bushewa, kuma in kika ɗaura da danshi aiki ya koma baya. Bayan agogon ki goge da ɗan tsumma mai laima, wuyan hannunki ki wanke da sabulu. Lokacin zafi kowane mako, lokacin sanyi ko mako biyu ya isa. Dattijon ya ce in na gama in ba wani ya sansana, don hancin mai abu ba shaida ba ne. Ya ƙara da cewa mai hankali maɗauri biyu yake ajiyewa, ɗaya a hannu ɗaya a igiyar shanya. Maganar nan ta soke ni, don na san wanda ya riga shi faɗa.

To ki duba da kanki. Shekara biyun farko ina cikin duhu, wannan ko a ce da uzuri. Sauran bakwai ɗin fa? Na san Sani ne mai gaskiya, maɗaurina ya koma fes, amma ƙafata ta ƙi zuwa. Har wayo na so in yi wa addini. Na san ba a ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku, to in mun haɗu wajen jana'iza ko ɗaurin aure sai in yi masa sallama daga nesa, hannuna cikin aljihu, ya amsa, in ce na fita haƙƙi. Shi kuwa bai fasa ba. Kayan Sallar nan da kike cewa telan Innarki ya iya hannu, ki tambaye ta wane tela ne. Ni ina ganin ledar in ta iso, sai in yi kamar idona na wani wuri.

Sau ɗaya na kai har Tsafe, shekara uku da suka wuce. Na sauka daga mota, na taka har layin shagonsa, na tsaya a tsallaken titi wajen mai rake. Na hango shi a kan keke, furfura ta fito masa, ya sa tabarau yana ta fama da zare da allura. Ƙanena, wanda na goya a bayana. Na ce bari in gama shan raken nan in tsallaka. Na gama, na sayi wani. Da na ƙare na biyu sai na ce ai mutane sun yi yawa a shagon, ba yau ba, na koma tasha. Duk hanyar Gusau ina jin haushin kaina, na iso gida na ce wa Innarki maganin shanu na je nema. Kada ki yi irin wannan, Kulu. Ranar da kika gane ke ce da laifi, ran nan za ki je, ko takalmi ɗaya ne a ƙafarki. Ban haƙuri yana da nauyi a ranar farko, amma kowace rana aka ƙara ƙaruwa yake yi. Ni da na ɗauki na shekara bakwai na san abin da nake faɗa miki.

Ranar da motarki ta tashi, na dawo daga tasha na tarar Innarki ta ajiye wani abu a kan buzuna. Ƙyallen nan ne. Ashe tun ranar da na yi jifa da shi ta zagaya ta tsince, ta sa a ƙasan kwallar da take ajiye kayanta, shekara tara. Ta juya ta koma wajen murhu. Na kwance, na zura shi a agogon, na ɗaura. Huda ɗaya tak Sani ya yi masa, kuma ta zauna a hannuna cif. Bai taɓa auna wuyan hannuna ba. Na shiga ɗaki na tura ƙofa na yi kuka, ni da farin gemuna.

To ga yadda za a yi. Maɗauri biyu ne a cikin ƙullin nan. Tsohon, mai ruwan toka, shi ne a jikin agogon, na ƙara masa huda da ƙusa mai zafi don ya yi miki daidai, haka ake huda nailan in ba a so ya zare. Shuɗin zai yi miki yawa, kuma da gangan na bar shi haka. Wanda ya ɗinka shi ne zai ƙara masa huda, ban yarda wani ya taɓa ba. Amma kada ki ɗauka aikenki nake yi. Ni na yi ɓarnar da bakina, ba zan laɓe a bayanki ranar gyara ba. Ranar Asabar in Allah Ya kai mu zan bi motar farko daga Bungudu, in canza a Gusau, in iso da hantsi. Ki jira ni a ƙofar makaranta, ki zo da shuɗin. Za mu tafi tare, ki tsaya ki ji da kunnenki, tunda a kunnenki na zuba ƙaryar. Zan ba shi haƙuri a gaban duk wanda ke shagon, don ni a gaban mutane na yi masa. Yayyenki na riga na gaya musu gaskiyar jiya, kowa da bakina. In ya karɓi hannuna, alhamdulillahi. In ya kau da kai, haƙƙinsa ne, Asabar ta sama ma ina hanya, da wadda ke bayanta. Mai rake kuwa ko kallonsa ba zan yi ba, in kin ga idona ya karkata can ki ja mini hannun riga.

Ke kuma abin da nake roƙonki, ki sauke fushin da kika ɗauka domina, ba kayanki ba ne. Baffanki bai taɓa yi miki komai ba sai alheri. In ma fushin za ki yi, ga inda ya dace, ni ne, kuma zan ɗauka. Ki yafe mini ƙaryar da na ɗora miki tun kina ƙarama.

Saura abu ɗaya. Tsohon maɗaurin nan na wanke shi sau biyu a makon nan, na bi duk yadda na rubuta miki, ya yini biyu a inuwar zogale. A hancina ba ya komai, amma kin dai ji darajar hancina. Na miƙa wa Innarki, ta ce ita ta yi ritaya daga wannan aikin. Don haka ki sansana shi da kyau kafin ki ɗaura. In da saura, kada ki saya mini turare, kada ki kewaya. Ranar Asabar, a ƙofar makaranta, ki dubi idona ki ce, "Baba, shina wari." Ina so in gwada furta "na gode" a gabanki tukuna, kafin in tsallaka titin nan.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga duk wanda kika taɓa. Kada ki shiga mota bayan La'asar, ko wa ya ce miki hanya lafiya take. Allah Ya kai mu Asabar da rai da lafiya, Ya sa in tarar da ƙanena a kan kekensa.

Wassalam,
Mahaifinki, daga Bungudu.